Tambayi Likita: Gubar dalma a unguwa, wa zai biya kuɗin kwashe ƙasar?

Likita, a bayan gidanmu a Garin Malam akwai masu fasa tsofaffin batiran mota da na sola, suna narka dalmar su sayar. Yarona mai shekara biyu a nan yake wasa. Lafiyarsa lau. Akwai abin damuwa? (wata uwa)

Akwai, Malama. Yawancin yaran da dalma ta shiga jininsu ba sa nuna komai da farko. Ƙurarta tana sauka a ƙasa, yaro ya yi rarrafe, ya sa hannu a baka, shi ke nan ta shiga. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba yake tsotsewa, musamman idan yana da ƙarancin jini ko cikinsa ba abinci. Ƙwaƙwalwa take ci a hankali: jinkirin magana, rashin natsuwa, wahalar karatu idan ya shiga lakwal. Idan ta yi yawa sai amai, ciwon ciki, kasala da jijjiga, waɗanda cikin sauƙi ake ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau.

Ba tsoratarwa nake yi ba. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, wannan sana'a ta fasa batir ce ta kashe yara 18 tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Ki raba shi da wurin daga yau, ki riƙa wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci, ki kai shi likita ki faɗi ƙarara abin da ake yi a bayan gidanku, domin gwajin jini ne kaɗai yake nuna ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikrogiram 5 a kowace desilita ta jini, sai a nemo inda gubar take fitowa a toshe.

An ce madara da tsamiya suna wanke dalma daga jiki. Gaskiya ne? (wani mai kabu-kabu, Zango)

Ba sa wankewa, Malam. Abinci mai gina jini da ƙashi, irin su wake, zogale, hanta da nono, yana rage yawan abin da hanji zai tsotsa, amma ba ya fitar da wadda ta riga ta shiga. Mai fitarwa magani ne irin su succimer, wanda yake kama dalmar ya fita da ita ta fitsari, kuma ana ba yaro ne idan gwajin jini ya kai maikrogiram 45 ko sama, a ƙarƙashin kulawar likita. Ko shi ma ba ya gyara ɓarnar da aka riga aka yi wa ƙwaƙwalwa.

Mu matasan unguwa mun yi karo-karo za mu share filin da aka daina narka dalma a kai. Wasu sun ce aikin gwamnati ne. Wa ya kamata ya biya? (wani ɗan ƙungiyar matasa, Kara-Kara)

Allah ya saka muku, amma don Allah ku ajiye tsintsiyar. Sharar busasshiyar ƙasa tayar da ƙurar take yi, ku shaƙa, iska ta kai sauran gidajen maƙwabta. Dalma ba ta ruɓewa, wuta ba ta cinye ta, damina ba ta gamawa da ita. A Kabwe ta ƙasar Zambiya an rufe mahaƙar dalma tun 1994, har yau yaran unguwannin da ke kewaye suna fama.

Ainihin aikin ga yadda yake: a auna ƙasar gida-gida da na'ura, a yayyafa ruwa, a kankare saman da ya gurɓata, a zuba a buhuna, a kai ramin da aka keɓe nesa da rijiyoyi a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, sannan a sake aunawa. Ma'aikata na bukatar kayan kariya, ana bukatar motoci da ƙwararru. Kuɗin karo-karo ba zai ɗauki wannan ba.

A ƙa'ida, wanda ya gurɓata shi ke biya. Inda akwai masana'anta mai suna da rajista, a bi ta. Mutanen Owino Uhuru a Mombasa ta ƙasar Kenya, waɗanda masana'antar narka dalma ta gurɓata musu unguwa, kotu suka je, a 2020 ta yanke a biya su shilin biliyan 1.3. To amma mai narka dalma a tsohuwar tukunya, me za a karɓa a hannunsa? Wani ma ya daɗe da barin garin. A nan ne nake ganin ba makawa sai baitulmali ya shigo, kamar yadda Amurka ta kafa asusun Superfund a 1980 saboda wuraren da aka rasa mai biya.

Abin da ya faru a Zamfara ya isa darasi, ga shi kusa da mu. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano cewa dakan duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje yana kashe yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Fiye da 400 suka rasu. An tsabtace ƙauyuka kamar Dareta da Yargalma, aka fara magani. Garin Bagega kuwa ya zauna jira. Gwamnatin Najeriya ta yi alkawarin Naira miliyan 850 a 2012, kuɗin ba su fito ba sai farkon 2013, bayan matasa sun matsa lamba da gangamin ceton Bagega. Duk tsawon jiran nan likitoci ba su iya fara ba yaran garin magani ba, domin ba yaro magani ya koma wasa a ƙasar da ta sa masa ciwon, zuba ruwa ne a rariya. Shi ya sa ni a wurina kuɗin kwashe ƙasa kuɗin magani ne, ko da a kasafi an rubuta shi a layin muhalli.

Ƙarfinku ku sa shi a nan: ku killace filin kada yara su shiga, ku rubuta takarda tare da mai unguwa zuwa ma'aikatar magajin gari da hukumomin muhalli da na lafiya na jihar Damagaram, ku nemi a auna ƙasa a gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ku riƙe kwafi. Idan an ce an ware kuɗi, ku tambayi nawa ne, kuma yaushe za su fito. Ku kuma nemi a ba masu sana'ar wani wuri a wajen gari, in ba haka ba filin da aka gyara zai sake gurɓata.

Maigidana yana gyaran batir a kusa da kasuwar Dole, ni kuma ina da juna biyu. (wata amarya, Birni)

Allah ya raba lafiya, ɗiyata. Dalma tana ratsa mahaifa ta kai ga jariri, tana kuma iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Ya bar kayan aiki da takalmansa a shago, ya yi wanka kafin ya shigo ɗaki, kada ke ki wanke kayan. Daɓen ɗaki a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kwalli ma wani nau'insa dutsen dalma ne aka niƙa, don haka ki haƙura da shi, kada kuma a sa wa jariri. Ranar awo ki gaya wa ungozoma sana'ar maigidan, ki sha ƙwayoyin ƙarin jinin da za a ba ki ba fashi.