Filin Masu Mota: Injin goge fenti ya shigo hannuna, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina da wurin wankin mota a Tahoua, kan hanyar Ƙonni. Yayana da ke bida a Abijan ya aiko mini da injin goge fenti, irin wanda faifansa ke juyawa yana kuma karkaɗawa, tare da soso uku, kwalbar man gogewa da gwangwanin kaki. Tun da ya zo yana cikin kwali, don wani tolye, mai gyaran jikin mota, ya ce mini irinsa na ƙone fenti har ƙarfe ya fito. Ga wani Alhaji mai baƙar Prado yana ta matsa mini in fito masa da ƙyallinta kafin salla. A ba ni shawara.
Mai wankin mota, Tahoua

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Ka ba Alhaji haƙuri tukuna. Baƙar mota ba ta rufa wa ɗan koyo asiri, duk inda hannunka ya karkace sai rana ta tona.

Tolyen bai yi ƙarya ba, amma ba naka injin yake nufi ba. Mai ƙone fenti shi ne wanda ke juyawa a kan cibiya ɗaya, zafi na taruwa wuri guda. Mafi muni kuma abin da nake gani a wasu garejin nan Yamai: yaro ya ɗaura soso a injin yankan ƙarfe, mai juyi wajen 11,000 a minti, alhali na goge fenti wajen 3,000 yake yi. Naka yana tafiya ne kamar rariya a hannun mai tankaɗe, yana zagayawa yana kaɗawa, ba ya bin layi ɗaya sau biyu. In ma ka danne shi da yawa, juyin tsayawa yake yi. Da shi ake koyo. Ka dai duba jikinsa ka ga 220 ko 230 a rubuce. Wanda aka yi wa Amurka na 120 ne, kuran ɗinmu zai kashe shi nan take.

Abin da ya kamata ya ba ka tsoro shi ne yashi. Mota ta biyo hanyar jar ƙasa, hunturu ya zuba mata ƙura, kai kuma ka ɗora soso mai gudu a kai: ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale a soson, ta zana maka dukan ƙofa. Saboda haka wanki na farko da ruwa zalla, a kore ƙasar kafin hannu ya taɓa. Sannan sabulu, da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye tsumma. In ta bushe, sa hannunka cikin leda ka shafa fentin. Ka ji kaushi? Da sauran datti a manne, kuma akwai wani ƙullin roba mai laushi da ake sayarwa don cire shi, ana shafa shi da ruwan sabulu. Soson da ya faɗi ƙasa ya gama aikin ranar sai an wanke.

Na biyu rana. A watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kapon baƙar mota, wato murfin injinta, ba ya taɓuwa, man gogewa kuwa yana bushewa a kansa kafin ya yi aiki. A inuwa ake yi, bayan asuba ya fi, kuma ranar da iska ba ta tashi ba.

Yanzu ga abin da masu sayar da man ba sa faɗa. Gogewa ba ƙara wa mota komai take yi ba, ragewa take. A saman launin akwai wani shafi marar launi mai sheƙi, berni, kaurinsa wajen maikiron 40 zuwa 50, kusan rabin kaurin takardar rubutu. Duk gogewa kana kankare kaɗan daga cikinsa don bakin zanen ya baje, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa sai a wurin mai fenti. Shi ya sa ba na yarda a goge mota fiye da sau ɗaya a shekara. Zanen da farcenka ke maƙalewa a ciki ya wuce injin, ka bar shi. Rufin da berninsa ya riga ya yi fari yana saɓulewa, irin na tsofaffin taksin Yamai masu jan kai, kada ka karɓi kuɗin kowa a kansa. Motocin da aka kawo ta Kwatano ko Lome ma da yawa an sake musu fenti a wani ɓangare, ba ka san kaurin da aka zuba ba.

Ka nemi tsohon kapo ko ƙofa a wurin masu sayar da ɓaraguzan mota. Mu nan Katako muke zuwa. A kansa za ka yi wasa da hannu. Manna salatif a kan baƙar roba da gefunan ƙarfe, don fenti ya fi siranta a kan kaifi. Ɗigo huɗu ƙanana a soso sun isa. Ɗora soson a fenti kafin ka kunna, ka kashe kafin ka ɗaga, in ba haka ba man zai fantsama har gemunka. Baza shi da gudun injin a lamba 1 ko 2, ka ƙara zuwa 4 ko 5, a fili da bai wuce rabin mita kowane gefe ba. Soson ya kwanta shimfiɗe, hannu na tafiya a hankali, kowane layi na hawa rabin na baya. Tsaye sau biyu, kwance sau biyu. Wayar injin a kafaɗa, kada ta ja jikin mota. Ni nakan ja layin alli a bayan faifan, in na ga layin ya daina zagayawa na san na danne da yawa. Share da tsumma mai laushi, haska da fitilar salula ka duba. Kullum fara da soso mafi laushi, sai bai biya ba ka koma mai tauri. Kada ka dogara da launinsu, kowane kamfani da nasa, matsa da yatsa ka ji.

Kaki ba shi da wuya. Soso mafi laushi, lamba 2 ko 3, shafi siriri ƙwarai, ba dannewa. In ya yi hazo ka ja yatsa, ya fita tas, sai ka share. Na karnuba, da ake samu daga ganyen wani kwakwan Barazil, ya fi ba baƙar mota zurfin launi, amma zafinmu na cinye shi cikin makonni. Na haɗin kamfani ya fi daɗewa. Shi kaki ka maimaita shi yadda kake so, ba ya cin berni. Sai dai ka gaya wa yaranka su raba motar da aka sa wa kaki da omo, yana wanke shi.

In kapon gwajin ya fito ba zane a hasken rana tsaka, ka kira Alhaji, ka fara da ƙasan ƙofar baya, ku duba tare kafin ka hau sauran.