Amsa ga 'yar'uwar da aka ba shugabancin sashen ma'aikata

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin ce an naɗa ki shugabar sashen kula da ma'aikata a wani kamfani a Birnin Kebbi, amma mai gida ke ɗauka, shi ke kora, ke sa hannu kawai ne naki, har kina tambaya ko aikin nan yana da makoma tunda kwamfuta ke lissafin albashi yanzu. Wallahi kamar labarina kika rubuta.

Ni a kamfanin casar shinkafa na yi, nan jiharmu. Manajanmu surukin mai kamfani ne, ba mai ce masa kanzil. Injin ya datse wa wani yaro yatsu, jini bai gama bushewa ba manajan ya kira ni ya ce in rubuta takardar sallama, in sa sakacin yaron ne. Na ce ranka ya daɗe, akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, kamfani ya kamata yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a NSITF, asusun gwamnati mai biyan diyyar wanda ya ji rauni a wurin aiki, don irin wannan rana. Ya ce, "Kai za ka koya min aiki?" Ashe ko kwabo ba a taɓa zubawa ba. Na ƙi rubutawa, ya sa akawu ya buga da sunan sashena. Da uban yaron ya zo da mai unguwa, manajan nan ya rantse a gaban mai kamfani cewa shawarata ce. A gaban jama'a, ko ƙifta ido bai yi ba! Leburorin da nake tsaya wa kan kuɗin ƙarin lokaci suka daina gaishe ni, wani har ya tofar da yawu da na wuce. Na koma gida ko tuwo ban iya ci ba. Har yau in mun haɗu a ɗaurin aure, don Allah kawai nake miƙa masa hannu. Allah ya isa.

Don haka duk umarnin kora ko ɗaukar ɗan wane, ki ce a ba ki a rubuce, ko saƙon WhatsApp ne, ki adana. Kada ki yi gardama da mai gida gaban mutane. Ki same shi shi kaɗai ki yi masa lissafin abin da Kotun Ma'aikata za ta iya ci masa, masu kuɗinmu sun fi jin wannan yaren.

Ki duba fansho kuma. Dokar 2014 ta ce kamfani kashi 10, ma'aikaci kashi 8, amma wasu suna cirewa su danne. Ga mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 tun Yulin 2024, gwamnatin Kebbi ma ta sa 75,000, kuma dokar ta hau duk mai ma'aikata 25 zuwa sama. Je ki tambayi mai gadi nawa yake karɓa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin kabu-kabu ke cinye albashin yaranmu, sannan a ce ba su da juriya don sun gudu Abuja. Ɗan ƙanena ma ya tafi, ban hana shi ba.

Maganar kwamfuta, kada ta firgita ki. Mai cike fom da lissafin hutu shi za ta kora. Ki koye ta sosai, ki karanta dokar kare bayanan jama'a ta 2023, don NIN da BVN na mutane suna hannunki, kada ki bar fayil a buɗe kan tebur. Ki yi rajista da CIPM, cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata ta ƙasa, ki ci jarrabawarsu, ko albashi bai ƙaru ba kina da inda za ki nufa in wurin ya gagara.

In kamfaninku yana da injina, gobe ki fara tambayar rasidin NSITF, ki ga yadda fuskar akawu za ta yi.