Kada Ka Biya Kuɗin Furosesar Nan Sai Ka Ga Sunanta a Jerin Madabod

Wa alaikumus salam, yarona. Na ga saƙonka tun da la'asar, hidimar ɗaurin kaya ce ta hana ni amsawa sai yanzu bayan isha'i. Ka ce mai shagon buga takardun nan na bakin layinmu yana so mu haɗa masa kwamfutar tebur mai sauƙin kuɗi, ka samu furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i5-8400 ta hannu a Beirut Road da araha, ga kuma madabod (babban allon da ake ɗora sauran kaya a kai) H110 da ke ajiye a shago. Ka duba ka ga duka biyun LGA1151 aka rubuta, shi ne kake tambaya: "Maigida, in biya in haɗa su?"

Kada ka biya da niyyar ɗora ta a kan wannan madabod ɗin. Ba za ta tashi ba. Na kuma ji daɗi ƙwarai da ka tsaya ka tambaya kafin kuɗin mutane ya bar aljihunka, domin wannan ramin ya ci masu gyara da yawa waɗanda suka fi ka daɗewa a sana'a.

Duba soket da ka yi daidai ne, nan ake farawa. Soket shi ne mazaunin furosesa, kuma lambar nan 1151 adadin 'yan ƙafafun da ke cikinsa ne. In soket ya bambanta, magana ta ƙare: furosesar Intel ta zubi (wato generation) na huɗu mai LGA1150 ba ta zama a LGA1155 na zubi na biyu da na uku, kuma ta AMD ba ta zama a madabod ɗin Intel. Amma kama da wane ba ta wane. Intel sun yi amfani da sunan LGA1151 sau biyu. Na farko ya fito a 2015 domin zubi na shida, daga baya na bakwai ya hau kansa, da cipset, wato guntun da ke haɗa furosesa da sauran kayan madabod, irin su H110, B150 da B250. A 2017 da suka fito da zubi na takwas, suka bar siffar soket ɗin yadda take, ƙafafu ba su ƙaru ba, tsagogin gefe ma suna nan inda suke, sai dai sun sauya wa wasu ƙafafun aiki, suka mai da su na kai wuta, saboda sabbin furosesocin sun ƙara yawan ƙwayoyin aiki. Ita i5-8400 ɗinka ta zubi na takwas ce, ƙwaya shida gare ta, i5 ta zubi na shida da na bakwai kuwa huɗu ce. Don haka zubi na takwas da na tara sai madabod mai cipset na jerin 300: H310, B360, B365, H370, Z370 ko Z390.

Abin da ke yaudarar mutum shi ne furosesar za ta zauna daram a H110, ka rufe marfin soket ba tare da wata tirjiya ba, ka shafa man sanyaya, ka ɗora fanka. Ka danna makunni, fanka ta juya ko ta ɗan motsa ta tsaya, monita kuwa baƙi ƙirin. Daga nan sai ka fara zargin ram, ka canza waya, ka canza fawa sufulai, rana ta faɗi ba ka gano komai ba. Shekarun baya na ɓata wuni guda cur a kan irin wannan, da na koma wurin wanda ya sayar mini ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa, tunda furosesarsa lafiyarta lau. Gaskiyarsa ce ta wannan fuskar, amma asarar a wuyana ta kwana. Za ka ji wasu na cewa ana yi wa BIOS (ɗan shirin da ke jikin madabod) kwaskwarima, a liƙe wasu wurare a bayan furosesa da salatif, ta tashi a H110. Ana yi. Ni dai ban yarda a yi shi a kwamfutar da mutum zai nemi abincin iyalinsa da ita ba, kuma ba a shagona ba.

Yanzu ga abin da nake so ya zame maka jiki, ko ina nan ko ba na nan. Ɗauki madabod ɗin ka karanta cikakken sunansa. Yawanci an buga shi da manyan farare haruffa tsakanin soket da doguwar kafar katin hoto. H110 kaɗai ba suna ba ne, sunan cipset ne. Kamfanoni da yawa sun yi madabod da shi, kowane kamfani kuma da samfura iri-iri. Kana buƙatar sunan kamfani, ASUS ne ko Gigabyte ko MSI ko ASRock, da duk haruffan da suka biyo baya har na ƙarshe. In na Gigabyte ne, leƙa kusurwar ƙasa ta hagu, za ka ga an rubuta REV da ƙananan haruffa, 1.0 ko 2.0 da makamantansu. Kada ka raina wannan, domin suna ɗaya yakan zo da bugu biyu, kowanne da BIOS ɗinsa.

Sai ka shiga shafin kamfanin a wayarka, ka nemo wannan samfurin, ka buɗe jerin furosesocin da yake karɓa. In sunan furosesarka yana ciki, da lambarta da harafinta daidai, ka samu hanya. In ba ya ciki, ka haƙura, ko da mai kaya ya rantse maka ya taɓa haɗawa. Maganar ɗan kasuwa, da abin da ka gani a bidiyo, da ma abin da ni na gaya maka daga ka, duk a bayan wannan jerin suke. Minti biyar zai ci maka da ɗan data kaɗan.

A jerin nan akwai wani layi a can gefen dama da yara ke tsallakewa: lambar BIOS da furosesar ta fara aiki da ita. Nan ne rami na biyu. BIOS shi ne ɗan shirin da ke zaune a jikin madabod, shi ke fara gaisawa da furosesa in an kunna wuta, kuma ba ya gane furosesar da aka ƙera bayansa sai an sabunta shi. Misali a hannunka yake: H110 ɗin nan namu yana karɓar zubi na bakwai, irin i5-7400, amma in BIOS ɗinsa na farkon fitowa ne, sai ka fara ɗora ta zubi na shida, ka sabunta, sannan ka sauya. Haka H310 na farko yake da wasu furosesocin zubi na tara. Wannan ne dalilin da ya sa nake ajiye tsofaffin Celeron da Pentium a gwangwanin nan na aljihun tebur, waɗanda ka taɓa tambayata amfaninsu. Su ne makullin buɗe irin waɗannan madabod. Wasu madabod suna da ɗan maɓalli a baya da ke sabunta BIOS daga filashi ko babu furosesa a kai, ASUS na kiransa BIOS Flashback, Gigabyte kuma Q-Flash Plus, sai dai da wuya ka same shi a masu arahar da muke saya.

In sabunta BIOS ta kama, kada ka kuskura ka yi ta a kan wutar NEPA zalla. Jona a inbata ko UPS mai caji. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, madabod ya suma ke nan, sai an kai ga ciro ɗan guntun BIOS ɗin ko maƙala masa na'urar rubutawa. Ka kuma tabbata fayil ɗin da ka sauke na wannan samfurin ne da wannan bugun.

Tunda kwamfutar talaka muke haɗawa, ka kula da harafin ƙarshen sunan furosesa. A Intel, duk wadda ta ƙare da F, irin i5-9400F ko i3-10100F, ba ta da sashen hoto a cikinta. Ramukan HDMI da VGA da ke bayan madabod ba za su fitar da komai ba sai ka sayi katin hoto daban, arahar da ka gani ta tashi a banza. Ita i5-8400 tana da nata hoton a ciki, ya ishi mai buga takardu da rajistar JAMB da ɗan aikin CorelDRAW. A ɓangaren AMD kuwa, a soket AM4, Ryzen masu G a ƙarshe su ne masu hoto, kamar 3200G da 5600G. Ryzen 5 3600 da 5600 ba su da shi.

Da yake na ambaci AM4, in ɗan tsaya a kansa, don za ka riƙa haɗuwa da shi. Ryzen ta fara fitowa a 2017 a kan wannan soket mai ƙafa 1331, kuma AMD sun riƙe shi har Ryzen 5000 da ta fito a ƙarshen 2020, da ma wasu bayanta. Wannan alheri ne ga mai ƙaramin ƙarfi, domin madabod B450 na jiya yana iya ɗaukar furosesar da ta fi shi ƙuruciya, in an sabunta BIOS. Amma tsawon ran nan shi ya sa duba jeri ya zama dole: A520 da B550 ba a yi su don Ryzen 1000 da 2000 ba, har 3200G ma AMD ba su sa ta cikin waɗanda suke ɗauka ba. Intel ma sun sake irin wannan a LGA1200, inda H410 da B460 ke ɗaukar zubi na goma amma ba sa ɗaukar Core i5 da i7 na zubi na sha ɗaya.

Ram kuma madabod ne ke faɗin irin wanda zai ci. DDR3 da DDR4 da DDR5 kowanne tsagarsa a wuri daban take, in bai shiga da sauƙi ba kada ka danna da ƙarfi. Akwai H110 masu cin DDR3, akwai masu cin DDR4. A LGA1700 ma wani madabod DDR4 ne, wani DDR5. Karanta abin da aka rubuta kusa da kafar ram ɗin. Fanka ba za ta ba ka wahala ba, ramukan ɗaurinta ɗaya ne daga 1155 har 1200, waɗanda ke shago za su yi.

Abu guda da nake so ka yi taka-tsantsan da shi a kasuwa: madabod ɗin da aka ciro daga kwamfutocin ofis na Dell OptiPlex ko HP. Suna da araha kuma suna da ƙwari, amma da yawansu ba sa amfani da filogin wuta mai ƙafa 24 da muka saba, nasu mai ƙafa shida ne ko takwas, wayar makunni ma tasu daban ce, wani lokaci ramukan sukurori ba sa dacewa da akwatin kasuwa. In irin wannan mai aiki yake so, a saya masa ita ɗungurungum da akwatinta, ya fi kwanciyar hankali.

To, me za mu yi wa wannan bawan Allah? Ra'ayina, furosesar da ka samo ita ce abin riƙewa, madabod za mu nema mata. Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take farawa a ɓangaren Intel, tana kuma neman sashen tsaro mai suna TPM 2.0, wanda ake kunnawa a cikin BIOS da sunan PTT. In muka ba shi H110 da i5-6500 ta zubi na shida, yau za ta yi aiki, amma mun ɗora shi a kan hanyar da ta kusa ƙarewa, shi kuwa mutum ne da ke shigar da bayanan jama'a a intanet kullum. Ɗan ƙarin da zai yi a kan H310 ko B365 bai kai wahalar sake sayen kwamfuta ba. Ka yi masa wannan bayanin da Hausa mai sauƙi, ka bar shi ya zaɓa, kuɗinsa ne. H110 ɗinmu ba zai yi kwantai ba, zai samu mai shi.

Gobe in Allah ya kai mu, ka tafi da ram DDR4 guda ɗaya daga shago da man sanyaya. In ka samu madabod, kafin komai ka ɗaga marfin soket, ka haska fitilar waya ta gefe, kana karkata shi a hankali. Ƙafafun nan sirara ne kamar gashi, duk sun kwanta fuska ɗaya, haskensu bai ɗaya. In ka ga wani ɗigo yana ƙyalli daban da 'yan'uwansa, ƙafa ta lanƙwashe, ajiye masa kayansa. Juya furosesar ma ka duba zinaren bayanta, kada a samu ƙuna ko tsatsa. Wajen ɗorawa ka daidaita ɗan alwatikan da ke kusurwarta da na soket, ka sauke ta a hankali ba dannawa. Sannan ka roƙi mai kaya a haɗa a gabanka, a jona monita, ka shiga BIOS ka ga sunan i5-8400 da idonka, ka bar ta ta yi 'yan mintoci kana duban zafinta. Gani ya kori ji. Wanda ya ƙi a gwada, ka yi masa sallama cikin mutunci ka wuce shago na gaba.

Kafin ka miƙa kuɗi, ɗauki hoton sunan madabod ɗin da na shafin jerin inda furosesar ta fito, ka turo mini. Wayata tana hannuna har azahar, bayan nan zan shiga mota. Ka gaida mutanen gida, ka kuma kashe inbata kafin ka rufe shago.