Amsa kan saƙon sitirobari da giya

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na ga saƙon da ka turo, wanda ake cewa wai sitirobari yana kare ciki daga ɓarnar giya, kuma ka tambaya ko zai yi wa Baba maganin olsarsa. To bari in yi bayani da baki, rubutu zai yi tsawo.

Maganar tana da tushe. A 2011 masu bincike daga Italiya da Sifen da Sabiya sun wallafa wani aiki a mujallar PLoS ONE. Ɓeraye suka ɗauka, suka riƙa ba su tataccen sinadarin sitirobari, miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin jiki, har kwana 10, sannan suka ɗura musu zallar barasa. Da aka duba cikinsu, waɗanda suka sha sinadarin raunukansu sun yi ƙasa sosai da na sauran.

Dalili shi ne, bangon tumbi yana da wani yauƙi da Allah ya shimfiɗa masa don kada asid ɗin da ke narkar da abinci ya ci naman. Barasa idan ta shiga sai ta wanke wannan yauƙin, ta kuma tayar da wasu miyagun sinadarai masu lalata kitsen da ya lulluɓe ƙwayoyin halitta, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Shi kuma abin da ke ba sitirobari jan launinsa, antosayanin, yana kama waɗannan sinadaran, yana ƙara wa garkuwar da ciki ke da ita tun asali ƙarfi. Zoɓo ma yana da antosayanin, shi ya sa yake ja.

Amma Yaya, don Allah a lura. Ɓera ne, ba mutum ba. Kuma tun kafin barasar ta shiga aka ba su, ba bayan gyambo ya kama ba. Sannan tatacce ne aka auna, ba 'ya'yan da ake sayarwa a roba daga Jos ba. Hanta kuwa ba a ma zo kanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa babu wani adadin giya da ba ya cutarwa, kuma tun 1988 aka sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansa.

Shi Baba ai ba ya shan giya. Yawancin olsa daga ƙwayar cutar H. pylori take, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka samu kyautar Nobel a kanta a 2005, ko daga magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Kuma na san yana shansu saboda gwiwa, wannan ne ya fi damuna. Abu na biyu, jiƙe-jiƙen nan na kwalba da ake tallarsu a tasha, na basir da ciwon baya, da yawansu da barasa ake jiƙa su. Mutum ya sha, cikinsa na ƙuna, ya ce magani ne ke aiki.

A kai shi asibiti a yi gwajin H. pylori, ana yi da bahaya ko numfashi. In an same ta, maganin kamar sati 2 ne. Ya ci 'ya'yan itacensa, babu laifi. Amma in ya ga bahaya ta yi baƙi ƙirin, ko amai da jini, kada a jira gari ya waye. Yaya, ka duba min ledar magungunansa ka turo hoto yau.