Albashinmu ya ninka sau uku, amma kafin 20 ga wata asusu ya bushe

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni da maigidana duk muna aiki, kuma ba zan butulce wa Allah ba, albashinmu mai tsoka ne. Abin da ke shigo mana yanzu ya ninka na lokacin aurenmu, shekara 11 da suka wuce, har sau uku. Amma kafin 20 ga wata asusu ya bushe, sai ƙirga kwanaki. Watan jiya injin mota ya buga, sai da maigidana ya ranci kuɗi wurin wanda ke ƙasa da shi a wurin aiki. Shi ya ce 'yan saye-sayena ne, ni na ce motarsa ce. Na zauna na rubuta: a kowace 100 da ta shigo, 31 biyan bashin gida, 19 makarantar yara uku, 14 bashin motoci biyu da inshora da mai, 8 wuta da ruwa da waya da intanet, 7 masu taya mu aiki da reno, 6 iyayenmu. Don Allah Anti, ina kuɗinmu ke zuwa?

Ƙanwarki mai bibiyar wannan fili

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai kin amsa wa kanki, tarawa ce kawai ba ki yi ba. Na tara miki: 85. Wato kafin albashi ya taɓa asusunku, 85 cikin 100 yana da mai shi, ku 'yan aike ne kawai. A cikin 15 ɗin da ya rage za ku ci, ku sa sutura, ku je asibiti, ku gyara inji. Kuma a kan wannan 15 ɗin kuke ta cacar baki. Ko yau kika daina sayen komai na marmari, da ƙyar ki ceto uku ko huɗu.

Fara da rage wa kanki zargi a wuri ɗaya. Ninki ukun nan a takarda ne. In farashin kaya yana hawa da kashi 7 cikin 100 duk shekara, cikin shekara 11 ya ninka biyu har da ɗoriya, ƙarin da kuka samu na gaskiya bai kai rabin tsohon albashinku ba. Haraji ma a yawancin ƙasashe yana ƙara yanka ne gwargwadon hawan albashi.

Sauran kuwa da hannunku kuka sa, kuma ba rana ɗaya ba. Na sani, don na yi. Shekarar da aka yi mini ƙarin girma mafi tsoka a rayuwata, ban kai wata biyu ba na karɓi mota bashi. Abin da na tambayi mai sayarwa shi ne nawa zan riƙa biya duk wata. Jimillar abin da zan biya cikin shekara huɗu ko a raina. Kuɗin wata-watan ya yi daidai da ƙarin kamar an auna, na ce to ai ban taɓa tsohon albashina ba. Inshora, taya da gyara suka biyo baya, su ne suka taɓa shi. Wani marubuci ɗan Ingila, C. Northcote Parkinson, ya faɗa tun 1960 cewa kashe kuɗi yana hawa har sai ya kamo samu. Abin da zan ƙara masa daga abin da na gani shi ne, ƙarin albashi ba ya tafiya a shagali kamar yadda ake zato. Alƙawari yake zama: gida mafi girma, makaranta mafi tsada, mota ta biyu. Shagali kina iya barinsa gobe. Alƙawari sai da sa hannu aka shige shi, kuma banki ma gwargwadon albashinki yake miƙo miki bashi, mai samu da yawa shi ake yi wa tayin babba.

Me ya sa ba a komawa baya? Masanin tattalin arziki na Amurka James Duesenberry ya yi bayanin wannan a 1949. Mutum yana auna rayuwarsa ne da ta waɗanda yake cuɗanya da su, da kuma matsayi mafi girma da shi kansa ya taɓa kaiwa. Ƙarin girma yana canza miki abokan zama. Jiya ke ce mai hali a cikin ƙawayenki, yau kina cikin mutanen da hutun da kike gani almubazzaranci su a wurinsu abin kowace shekara ne. Sannan cire yaro daga makarantar da ya saba ya fi rashin sa shi tun farko zafi nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu a lissafinki da ya fi damuna. An ɗinka rayuwarku ne a kan albashi biyu cif. Elizabeth Warren, kafin ta zama sanata a Amurka, ta yi nazarin wannan tare da 'yarta Amelia Warren Tyagi a 2003. Gidan da ya jingina manyan alƙawuransa a kan albashi biyu yana da ƙofa biyu da asara za ta shigo, kuma babu wanda zai tashi ya cike giɓi, tunda kowa ya riga ya fita aiki. Ɗauki albashin ɗayanku ki ajiye gefe na wata uku, ki ga ko na ɗayan zai ɗauki 85 ɗin. Warren da 'yarta daga baya sun ba da shawarar kada abubuwan dole su wuce rabin abin da ya shigo bayan haraji. Ni a ganina rabi ya yi wa mai yara uku tsauri. Amma tsakanin 50 da 85 akwai tafiya.

Kada kuma ki kira kanku matalauta, ba ku ba ne. Wasu masana uku, Greg Kaplan, Giovanni Violante da Justin Weidner, sun nuna a 2014 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen Amurka hannu baka hannu ƙwarya suke, kuma wajen biyu cikin uku na waɗannan suna da dukiya, sai dai tana kulle a gida ko a asusun fansho. Ku ke nan. Kowane wata kuna ƙara mallakar wani yanki na gidanku, amma makaniki ba ya karɓar yankin gida. Shi ya sa na ƙasa da maigidanki, wanda mai yiwuwa bai ajiye komai ba sai tsabar kuɗi, ya iya fitar da shi kunya.

To, me za ku yi? Na iyaye kada ku taɓa, shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi albarka. Ku dubi manyan ukun, ku zaɓi ɗaya. Mafi sauƙin motsawa ita ce mota ta biyu, ko a sayar ko a sauya da wadda babu bashi a kanta. Abin da ya fito ya tafi wani asusu daban ranar da albashi ya shigo, da umarnin da za ku bai wa banki ya riƙa cirewa da kansa, har ya kai abin da zai riƙe gidan wata uku.

Na biyu ya fi sauƙi, don bai shafi kuɗin da ke hannu ba. Richard Thaler, wanda ya samu kyautar Nobel a 2017, da abokin aikinsa Shlomo Benartzi sun gwada wani tsari inda ma'aikata ke amincewa tun yau cewa wani yanki na ƙarin albashin da za a yi musu nan gaba zai wuce ajiya kai tsaye. A kamfanin farko da aka gwada, ajiyar waɗanda suka shiga ta tashi daga kashi 3.5 zuwa 13.6 cikin 100 na albashinsu a cikin wata 40. Abin da bai taɓa shiga hannu ba, rashinsa ba ya ciwo.

Shi kuma maigida, kada ki tare shi da “ka ga, dama na ce motarka ce”, ko da Anti ta ɗan goya miki baya. Motoci biyu ne a takardar, ɗaya taki ce. Ki ajiye masa lissafin nan, ki bar shi ya tara da hannunsa. In ya kai 85 ya yi shiru, sai ki tambaye shi wane wata ne bashin motar farko zai ƙare. Ku rubuta watan, ku kuma rubuta inda kuɗin zai riƙa zuwa daga ranar, tun kafin ɗayanku ya hango wata sabuwa.