Wuta ta ɗauke ana tsakiyar lissafi: ana iya adana aikin?

Malam, ka ce kana Garwa, lissafinka na Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, yakan ci awa shida, wuta kuma ta ɗauke a tsakiya, kana neman yadda za ka ci gaba daga inda ya tsaya.

Python dai ba ta yin wannan da kanta. Pickle, kayan aikinta na adanawa a fayil, bayanai kawai yake ajiyewa, bai san layin da aiki ya kai ba. Masu Smalltalk, wani harshen na daban, su ne 'yan gata: tun zamanin Smalltalk-80 suke juye duk abin da ke ƙwaƙwalwar kwamfuta cikin fayil guda, ka buɗe gobe ka tarar da tagoginka yadda ka bar su. Pharo, wadda ta samo asali daga Smalltalk, har yau haka take.

A Linux akwai wani kayan aiki mai suna CRIU, yana daskarar da aikin ɗungurungum ya zuba a faifai. Sai dai in kana haɗe da wata na'ura ta intanet, ita ba za ta zauna jiranka ba.

Ni a Marwa, duk minti goma nake rubuta sakamako da lambar zagayen da lissafin ya kai a sabon fayil, sannan umarnin os.replace na Python ya ɗora shi kan tsohon. Na taɓa rubutawa kai tsaye kan tsohon, wuta ta tafi, na tashi ba tsuntsu ba tarko.