Injin da ya cije da tsatsa: kar ka fara da kik

Ɗan'uwa, ka ce ka samu tsohon babur da ya shekara goma a ajiye, injin ya cije, kuɗi kuma ba yawa. To, abu na farko: ɗauke ƙafarka daga kan kik. Idan ka tilasta masa, ringin fistan zai karye ya kankare cikin silinda, aikin ya ninka.

Cire fulogi, ka zuba man giya na ATF haɗe da kananzir ta ramin, ka bar shi ya jiƙa kwanaki. Sannan sa babbar giya, ka riƙa tura babur gaba da baya a hankali har fistan ya saki.

Da ka buɗe kan injin, goga farcenka a bangon silinda. Tsatsar da ta tsaya a sama, goge ta kawai ya isa. Amma in farce na maƙalewa a ramuka, sai a kai a faɗaɗa silindar da 0.25 ko 0.50 na milimita, a sa fistan daidai da ita. Ka kuma ja kwanrod, wato sandar ƙarfen da fistan ke haɗe da ita, sama da ƙasa. In yana wasa ko kaɗan, bearin ya tafi.

Gasket, oyil sil, ringi da ƙananan kilif ɗin fin na fistan, sayi sababbi, kar ka yi ƙoro a nan. Sauran kuwa, na hannu ma sun wadatar. Kafireta yawanci wanki take so, ba canji ba, sai dai kar soda mai ƙuna (kostik soda) ta taɓa ta, tana cin alminiyam.

Ɗauki hoto kafin ka kwance kowane abu.